Tafiyarmu Yankari da masu shirya wa ɗalibai yawon buɗe ido: abin da na gani

Ga masu ta tare ni a hostel suna tambayar ko kuɗin da muka zuba wa matasan nan masu shirya tafiyar ɗalibai ya biya, amsata ita ce e ya biya, kuma gobe ma in suka shirya wata zan bi su. Amma da sharaɗi guda, ku ɗauki tsarin da ake kwana a can, kar wanda ya ruɗe ku da na a je a dawo rana ɗaya wai don ya fi araha. Asarar kuɗi ce kawai da ciwon baya.

Su dai waɗannan matasan tsofaffin ɗalibai ne da suka gama bautar ƙasa suka haɗa kai, ba su da wani ofis na a zo a gani, a gurup ɗin WhatsApp suke komai, suna tara ɗalibai daga makarantun cikin Kano. Suna da ƙananan fita na yini guda, irin su Gidan Makama da hawan dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata da gidan zoo, wani lokacin har dam ɗin Tiga, waɗannan kam ko ku kaɗai 'yan ɗaki kuka haɗa kuɗin adaidaita za ku iya, ba sai da su ba. Babbar tafiyarsu ita ce ta Yankari, gandun namun dajin nan na jihar Bauchi, suna saka ta bayan an gama jarabawa kafin kowa ya watse gida.

Maganar kuɗi, gaskiya ba kaɗan ba ne ga ɗalibi, ya kai kusan abin da nake kashewa a cefanen wata guda. Abin da ya taimake mu shi ne sun yarda a riƙa biya kaɗan kaɗan, duk abin da kika tura su turo miki shaida a waya, kuma a gurup ake rubuta wanda ya gama da wanda ya rage masa. Mu a ɗakinmu adashe muka ɗaura tun farkon zango, dama tukunya ɗaya muke ɗorawa a risho ɗaya, sai muka rage sayen abincin waje muka koma dafa taliya da wake da kanmu, duk ranar Juma'a kowa ta ajiye nata a hannun babbar ɗakinmu. Kuɗin ya haɗa mota zuwa da dawowa, kuɗin shiga, ɗakin kwana, abinci, da motar zagaya daji. Ba su ƙara mana ko sisi a hanya ba, wannan na yaba musu sosai domin mun sha jin labarin waɗanda sai an yi nisa a ce a kawo na mai.

Amma abin da ya fi komai saye ni ba kuɗin ba ne. Kowace mace da ke zaune a hostel ta san wahalar ba tara kuɗi ba ce, neman izinin gida ne. Ni kaina na san in na kira na ce Baba zan bi 'yan makaranta mu kwana a daji a Bauchi, kafin in rufe baki an ce a'a, kuma ba zan ga laifinsa ba. To su suna da wata baiwar Allah, matar aure ce mai yara, malamar sakandare, ita ke tafiya da mata a duk tafiyar kwana, Anti muke ce mata. Ita da kanta ta karɓi lambar mahaifina ta kira shi a gabana, ta gaishe shi cikin ladabi ta ce, "Baba, 'yarka amana ce a hannuna har in dawo maka da ita, ɗakin mata daban na maza daban, kuma a ɗakin matan zan kwana." Ta ba shi lambar direba da ta mijinta. Baba ya yi mata tambayoyi sun fi ƙarfin a ƙirga, ba ta ƙosa ba, ƙarshe ya ce Allah ya kiyaye hanya. Kuma abin da ta faɗa shi ta yi, duk inda aka tsaya sai ta ƙirga mu kafin mota ta tashi, dare na yi ta bi ɗaki ɗaki. Duk mai shirya tafiyar ɗalibai da ba shi da irin wannan tsarin, ni dai ba zan ba wata shawarar ta bi shi ba.

Yanzu inda suka ɓata min rai. An ce ƙarfe shida mota za ta tashi, mun yi sallar asuba cikin sanyin hunturun nan mun fito da jakunkunanmu muna rawar ɗari a bakin get, sai wajen takwas da rabi aka tashi saboda wasu 'yan tsiraru da ba su zo ba ana ta kiransu a waya ana lallashi. Wannan ba adalci ba ne ga wanda ya cika alkawari. Sannan kostar da suka ɗauko an cika ta fiye da ƙima, har kujerun tsakiya masu naɗewa duk da mutane, kaya a kan cinya, wata 'yar ɗakinmu doguwa ce ƙafarta har kumbura ta yi. Tafiyar kuma ba ta wasa ba ce, daga Kano ka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi har Bauchi kusan kilomita 300, daga Bauchi kuma ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya kwana, ka je get ɗin Mainamaji, daga get ɗin ma akwai sama da kilomita 40 cikin daji kafin ka isa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke. Shi ya sa na ce tsarin rana ɗaya ba shi da amfani, wanda ya bi shi mota kawai ya je zama. Mu kanmu wannan latti ya sa muka rasa zagayen yamma na ranar farko, wanda yana cikin abin da muka biya.

Baba direba kam Allah ya saka masa, dattijo ne ba ya gudu ba ya tsere da kowa, lokacin sallah na yi zai samu masallaci mai banɗaki ya tsaya ba sai an roƙe shi ba. A Bauchi aka tsaya muka ci masa da miya, ita kam ba sai na tallata ta ba kowa ya san masar Bauchi.

Wikki, wato maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ke sansanin. Wallahi duk hoton da kuka gani a waya bai kai ganin ido ba. Za ka sauka ta matakala mai ɗan tsawo, bishiyoyi sun rufe sama, sai ga ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garau, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka da farin yashin da ke ƙasa. Ɗuminsa kusan digiri 31 ne kuma haka yake dare da rana, rani da damina, ba ya canzawa, daga nan yake gangarawa ya shiga kogin Gaji. Kusa da dutsen ya fi zurfi, wanda bai iya ruwa ba ya tsaya can ƙasa inda bai wuce ƙugu ba.

Da yammar da muka isa maza suka faɗa ciki suna ta ihu, mu mata muna gefe a zaune da hijabanmu muna kallo, wasu sun ɗan tsoma ƙafa, a raina na ce shi ke nan namu rabon kallo ne. Ashe Anti ta riga ta yi magana da shugaban tafiyar. Da aka idar da sallar asuba ta tashe mu ta ce kowa ta ɗauko doguwar riga da wando da ɗankwali na canji, an gaya wa mazan tawagarmu kar wanda ya sauko sai rana ta fito sosai, ita kuma ta zauna a saman matakala tana gadi. Gari da sanyi har haƙora na haɗuwa, ga tururi yana tashi a saman ruwan, kina sa ƙafa sai ki ji kamar ruwan wankan da uwa ta sirka wa ɗanta. Babbar ɗakinmu da ko a hostel ba ta cika magana ba ita ce ta fi kowa dariya, ta riƙe hannun wata 'yar Kudancin Kaduna da ke ɗakin kusa da namu wadda ta iya ruwa, ita 'yar Kadunan tana koya mata yadda za ta kwanta a kan ruwa ta saki jiki, tana cewa "sake wuyanki 'yar uwa, ina riƙe da ke." Mun daɗe a ciki har fatar yatsunmu ta yamutse. Wannan sa'ar kaɗai ta isa in ce kuɗina bai tafi a banza ba, kuma ba don tsarin da suka yi mana ba da ba za mu same ta ba.

Bayan karin kumallo aka shiga buɗaɗɗiyar motar zagaya daji da ɗan jagora, domin ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai. Mutumin ya san dajin sosai, shi ya ba mu tarihin wurin, cewa tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, a 1991 ya zama na gwamnatin tarayya sannan a 2006 ya dawo hannun jihar Bauchi, faɗinsa kuma ya haura murabba'in kilomita 2,200. Mun ga gwambaza da mazo, mun ga gwanki can nesa, zabin daji kuwa garke garke suna tsallake hanya, da kada kwance a bakin ruwa baki buɗe. Giwa ba mu ganta ba, kuma ina so in faɗi wannan ƙarara domin a tallan da ake turowa gurup hoton giwa ne a gaba, wasu sun zo da tunanin tana tsaye tana jiransu. Yankari na da ɗaya daga cikin manyan garken giwayen da suka rage a Najeriya, amma daji ne ba gidan zoo ba, sa'a ce. Abin da muka gani sawunta ne a laka, jagoran ya tsayar da mota ya nuna mana, faɗinsa ya kai faranti babba, ga kashinta bai gama bushewa ba ga rassan da ta kakkarya a tsayin da hannun mutum ba zai kai ba. Ya ce can cikin rani, wajen Maris zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe ruwa ya janye a ko'ina, dabbobi kan taru a bakin Gaji, an fi ganinsu a lokacin. Zaki kam ko a bakin jagoran ba abu ne da ake yawan gani ba.

An kai mu kogunan Marshall, ɗakuna ne 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse da ƙananan ƙofofi zagayayyu, ana kyautata zaton maɓoya ce a zamanin farautar bayi. 'Yan sashen tarihi sun so a daɗe a wurin amma aka ce lokaci. Akwai kuma ɗan gidan adana kayan tarihi a cikin sansanin, da ƙasusuwa da fatun dabbobi da tarkunan da aka ƙwace hannun mafarauta, ku leƙa ba ya cin lokaci.

Gwaggon biri fa ku yi hankali da su, ba wasa nake ba. A cikin sansanin suke yawo su da gadu, sun saba da mutane ba sa tsoro, kuma sun san leda. Wata 'yar ajinmu ta fito da burodi a baƙar leda za ta kai ɗakin ƙawarta, wani ƙato ya diro daga bishiya ya fizge ya haye rufi, ta tsorata har kuka ta yi. Anti ta gargaɗe mu tun a mota, a rufe ƙofa da taga ko da minti ɗaya za a fita, abinci a cikin jaka mai zif, in ya kama abu a sakar masa kar a ja da shi.

Abincin da masu tafiyar suka tanada shi ne abu na uku da ban ji daɗinsa ba. Dafa-duka suka taho da ita tun daga Kano a kula, zuwa dare ta huce ta fara canza ɗanɗano, da yawa ba su ci ba sai shayi da biskit. Na safe ya fi, shayi da burodi da ƙwai. Mu abin da ya cece mu guzurin hostel ne, garin kwaki da ƙuli da suga, dambun nama da wata ta zo da shi daga gida, da cincin. Ku taho da naku kar ku dogara da nasu, da ruwan sha isasshe. Ɗaki kuwa an haɗa mu da yawa a ɗaya, wasu a gado wasu a katifa a ƙasa, wannan bai dame mu ba dama haka muke rayuwa. Ku zo da bargo in lokacin sanyi ne, da maganin sauro, da fawa bank cike da caji. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa, don haka tun a Bauchi ku kira gida ku ce in an ji ku shiru ba wani abu ba ne, in ba haka ba hankalin iyaye zai tashi a banza.

A hanyar dawowa an tsaya kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa a cikin garin Bauchi, firaministan da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Tsayuwar gajeriya ce ƙwarai, mun yi masa addu'a aka ce a koma mota don kar dare ya yi mana a hanyar Ningi, wanda kuma daidai ne, ban son tafiyar dare da ɗalibai cike da mota.

Da muka dawo na rubuta wa shugaban nasu duk waɗannan a gurup, latti da cunkoso da abincin dare, bai yi fushi ba, ya ce tafiya ta gaba wanda bai zo kan lokaci ba za a tafi a bar shi, abincin dare kuma a Bauchi za a saya da zafinsa. Maganar cunkoso ce bai ba ni amsa mai gamsarwa ba, ya ce in aka rage mutane kuɗin kowa zai ƙaru. Ni na fi son a ƙara ɗin. Don haka kafin ku tura kuɗin farko ku tambaye su mutum nawa za a saka a motar kuma kujera nawa ce, ku tabbatar Anti ko wata kamarta na cikin tafiyar, ku kuma nemi a rubuta muku a gurup cewa zagayen daji biyu ne, na yamma da na safe.