Hattara da masu tallar tsofaffin bindigogin sojan Finland a intanet

'Yan'uwa mazauna Amurka masu sha'awar tara tsofaffin bindigogi masu sakata, a yi hattara. Akwai 'yan damfara da ke yawo da hotunan M39 da M28/30 na sojan Finland, farashi kamar kyauta, su ce tsohonsu ne ya rasu ya bar musu kuma suna sauri. Hotunan na sata ne, daga tallar wasu suka kwaso.

Tun daga wajen biyan kuɗi ake gane su. Za su ce a tura ta Zelle, ko katin kyauta, ko kuɗin kirifto, hanyoyin da in kuɗi ya tafi ya tafi ke nan. Facebook ya hana cinikin bindiga tsakanin mutane tun 2016, PayPal ma ba ya yarda da shi, don haka wanda ya biya ta can ba shi da bakin kai ƙara.

Dabarar da ta fi cin mutane ita ce ta "tsohon kaya". A dokar tarayyar Amurka, bindigar da aka ƙera uwar ƙarfenta (wato ɓangaren da sakata ke gudu a ciki, ake ɗaura bututu a kai) kafin 1899 ba ta buƙatar bi ta hannun dillali mai lasisi. Finland kuwa ba ta ƙera wa waɗannan bindigogi uwar ƙarfe ba. Na bindigogin Mosin-Nagant na Rasha ta riƙa kwancewa, ta ɗaura musu sabon bututu daga masana'antunta na SAKO ko VKT ko Tikka. Shi ya sa za ka ga 1942 a kan bututu alhali uwar ta 1896 ce. Wannan gaskiya ce, kuma a kanta ɗan damfara ke fakewa ya ce zai aiko har ƙofar gida, ba dillali, ba takarda. To, shekarar uwar a ƙarƙashin wutsiyar ƙarfen take, sai an raba ƙarfe da ƙota ake ganinta. Ka ce ya kwance ya ɗauko hoton wurin, da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan wata a gefe. Daga nan ne uzuri ke farawa: waya ta lalace, yana asibiti, wani na jira da kuɗi a hannu.

Wasu kuma suna da bindigar, amma jabu ce. Su samo Mosin-Nagant samfurin 91/30 ta Tarayyar Sobiyet mai araha, su buga mata hatimin haruffan SA cikin zanen akwati, alamar rundunar Finland, su ninka kuɗi. Sabon bugu yakan nuna ƙarfe fari fat a cikin haruffan, gefensu da kaifi, sauran jikin kuwa ya dushe. Ko hatimin na gaske ne, bai mai da ita M39 ba, domin Finland ta buga shi a kan dubban bindigogin da ta ƙwace a yaƙi.

Abin dariya shi ne masu liƙa madubin hange su ce irin ta Simo Häyhä ce, gwanin harbin Finland a Yaƙin Hunturu da ta yi da Tarayyar Sobiyet daga 1939 zuwa 1940. Shi kuwa da M28/30 ya yi aiki, kuma da saitin ƙarfe kawai, babu madubi.

In mai sayarwa ya ƙi ba da lambar da ke jikin bututu, ko ya ƙi aikawa ta hannun dillali mai lasisin da kai ka zaɓa, ka kai rahoton tallar ga masu kula da shafin, kada ka tura ko sisi na kafin alƙalami.