Kalkuleta Casio fx-991ES Plus wajen bitar ƙididdiga

Ga ɗalibin da ke shirin jarrabawar ƙididdiga ta matakin farko, wannan kalkuleta ta fi amfani wajen duba amsa bayan an gama lissafi da biro. Ba ta nuna matakan aiki, makin jarrabawa kuwa a matakan yake.

Danna MODE, sai 3 (STAT, wato sashen ƙididdiga), sai 1, teburin zuba lambobi zai buɗe. Layin da ake rubuta sau nawa kowace lamba ta fito a rufe yake zuwa daga kamfani, kuma nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. Buɗe shi da SHIFT, MODE, kibiyar ƙasa, 4, sannan 1. A yi haka tun kafin zuba lambobi, domin sauya wannan saiti yana goge duk abin da ke teburin.

Gwada da 2, 4, 4, 4, 5, 5, 7, 9. Bayan zubawa danna AC, SHIFT, 1, sai 4. A jerin da zai fito, zaɓin matsakaici (x̄) zai ba da 5. Wajen auna warwatsuwar lambobi kuwa zaɓi biyu ne: σx ya ba da 2, sx ya ba da kusan 2.138. Na farko yana rabawa da n, wato adadin lambobin da aka zuba, na biyu da n − 1. In tambaya ta ce samfuri aka ɗebo daga cikin jama'a, sx ake so. Kalkuletar ba za ta tuna maka ba, dukansu amsa ce a wurinta.

Idan bayanan a rukuni suke, kamar 10–19, tsakiyar rukunin ake zubawa, wato 14.5, kuma kai za ka fitar da ita.

Gazawarta a fili take. Ba ta fitar da lambar tsakiya, ba ta faɗin lambar da ta fi yawan fitowa. Teburin layi 80 yake ɗauka, ya koma 40 in an buɗe layin yawan fitowa. Fita daga STAT zuwa wani MODE ma goge komai yake yi.

Jabunta ya cika kasuwa. Maɓallansa na sanƙarewa, wani lokaci a danna lamba ta ƙi shiga ba a lura ba, shi ya sa duba n kafin komai yake da amfani. Masu JAMB kuma kada su dogara da ita, a can kalkuletar da ke kan allon kwamfuta ake amfani da ita.