Ƙotar wuƙa mai santsi: zanen giciye ko ɗige-ɗige?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama ƙotar wuƙarka ta katako, ka goge ta har tana sheƙi, amma da zarar hannu ya yi gumi sai ta riƙa zamewa, kana son sanin wanda ya fi tsakanin zanen giciye da ɗige-ɗige. Na gwada duka biyun.

Zanen giciye shi ne irin wanda ake gani a gindin bindigar farauta: layuka suna ratsa juna, su bar 'yan tuddai masu tsini. Wajen riƙo ba a magana, ko hannu a jiƙe yake sai ya kama. Sai dai aiki ne mai cin rai. Masu yin sa kan ja layi 18 zuwa 22 a inci ɗaya, kuma kowane layi daga na kusa da shi yake ɗaukar saiti, don haka in na uku ya ɗan karkace, kafin ka kai na ashirin an shiga daji. Ga shi da zaɓen katako: sai mai tauri mai matsattsen jiki, don mai laushi marmashewa tsininsa yake yi. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba. Ka yi awa guda kana sassaƙa da wuƙar, tsinin nan sai ya ci maka tafin hannu har ya yi bororo. Ni nakan ɗan bi kansa da sanfefa in kashe masa kaifi.

Ɗige-ɗige kuwa ba ya son lissafi. Ka shata iyakar wurin da fensir, ka rufe sauran da tef, ka ɗauki Dremel (ɗan injin hannu mai juya baki da lantarki) mai ƙaramin baki zagayayye, ko ƙusa da ka dakushe kana bugun ta da guduma mara nauyi, ka yi ta ɗiga ramuka kusa da juna, zurfinsu bai kai milimita ɗaya ba. Kuskure ɓacewa yake yi a cikin taro. Ka dai nisanci gefen ƙota da bakin ƙusoshinta, nan katako yake tsagewa. Kamunsa bai kai na giciye ba, amma hannu ba ya kuka da shi ko an wuni ana aiki.

In wuƙar ta girki ce ko ta fiɗa, to duka biyun ba nata ba ne, don kitse da jini maƙalewa suke yi a ramukan, wanki ya zama wahala. Nan gara ka koma ka goge ƙotar da sanfefa mai lamba 220 ka tsaya, kada ka kai 600, don lamba na hawa santsi na ƙaruwa.

Tunda wannan ce ta farko a hannunka, ɗige-ɗige zan ce ka yi, a wurin da yatsu da tafi suke zama kawai. Ka fara gwadawa a guntun katakon da ya rage maka. In ka zo shafa mai, ka sa kaɗan da tsohon buroshin haƙori. Fenti mai kauri cike ramukan yake yi, santsin ya dawo.