Manhajar Merriam-Webster a darasin kalmomin sa tufafi: ta yi, amma ba ta kowa ba ce

Ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Zariya, kuma manhajar ƙamus ta Merriam-Webster nake buɗewa a waya idan zan shirya wa 'yan aji shida darasin kalmomi masu kusancin ma'ana, waɗanda WAEC da NECO ba sa rasa kawo su a tambayoyin canki-canka. Kyauta ake sauke ta, da tallace-tallacenta, wanda ya biya kuɗi a cire masa su. Ma'anoni da jerin kalmomi suna buɗewa ko babu data, jin furuci ne yake buƙatar intanet. Ga malamin da ke tattalin data, wannan kaɗai ya isa dalili.

Na gwada ta sosai a kan dress. Abin da ya burge ni shi ne ba ta zube kalmomin wuri ɗaya ba, ta raba su ma'ana-ma'ana. Akwai ta tufatarwa, inda za ka ga su clothe da attire da garb da array, ga kuma kishiyoyinsu, undress da disrobe. Sannan akwai dress ta wanke ciwo a ɗaure shi, da ta gyara kaza kafin a ɗora a wuta. Da ɗalibai suka ga haka suka yi ta dariya, wata ta ce, "Malama, wato ni da kaza kalma ɗaya ce ta haɗa mu?"

Matsalar tana tasowa ne idan yarinya ta tsaya a jerin, ta ɗauki wadda ta fi ƙaton suna ta jefa a insha'i. Wata ta rubuta mini cewa mahaifiyarta ta "donned the baby". Na kira ta gaban allo, muka danna kalmar don, muka karanta misalan tare. Tufafin ake yi wa don, ba mutum ba. Mutum kuwa dress ake yi masa, ko clothe. Kuma don ɗin ma kalma ce ta rubutu, an fi cin karo da ita a jarida, asalinta "do on" ne da aka dunƙule, kamar yadda doff ta fito daga "do off". Duk wannan yana cikin manhajar, amma sai ka danna ka shiga, ba ya zuwa da kansa.

Na ce musu su duba bakinmu. Riga sa ta ake yi ko a zura, zane ɗaura shi ake yi, rawani naɗawa, gyale yafawa, hula a kafa ta. Wanda ya ce ya naɗa takalmi sai an dube shi sau biyu. Daga nan kan su ya waye. Inda suka fi wahala shi ne tsakanin put on da wear: ta farko lokacin sawar ce, ta biyu kuwa kana sanye da abin, kamar bambancin "ya sa riga" da "yana sanye da riga". A nan misalan jimlolin manhajar sun fi jerin kalmomin amfani nesa ba kusa ba.

Sai kuma a san cewa Turancin Amurka ne. Kamfanin yana Springfield a jihar Massachusetts, tushensa ƙamus ɗin da Noah Webster ya fitar a 1828, wanda George da Charles Merriam suka sayi haƙƙinsa bayan rasuwarsa a 1843. Mu kuwa na Ingila muka gada a makaranta, kuma a sunayen tufafi ne saɓanin ya fi fitowa. Pants a wurin Ba'amurke wando ne, a wurinmu kamfai. Vest a Ingila singileti ce, a Amurka falmaran. Dress ɗin da kwandasta ke cewa idan yana so ka matsa wani ya zauna, wannan tamu ce ta Najeriya, kada ɗaliba ta kai ta ɗakin jarrabawa.

Babu Hausa a ciki ko kalma ɗaya, bayanin ma'anar ma da Turanci ne, wani lokaci mai nauyi. Don haka ban ba 'yan ƙaramar sakandare shawarar ta ba, gara su riƙe ƙamus ɗin Turanci zuwa Hausa tukuna. Malamai da masu fassara da 'yan aji biyar da shida za su more ta. Ɗalibaina dai na kafa musu sharaɗi: duk wadda ta ɗauko kalma daga jerin, sai ta kwafo mini jimlar misali ɗaya daga shafin kalmar a gefen takardarta, in ba haka ba ba zan ba ta makin ba.