Masaukin bakin teku a Elmina, wajen rubutu ne kam

Kwana biyar nayi a wani ɗan masauki a Elmina ta Ghana, naje ne dan in ƙarasa labarin da ya maƙale min tun bara, kuma wallahi ya warware. Da sassafe daga baranda kana hango tsohon ginin nan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda aka riƙa tsare bayi, ga kwale-kwalen masunta kala-kala suna shigowa, ranar Talata kuwa ba'a fita kamun kifi sai gyaran koma, ranar nafi zuba rubutu. Soyayyen kifinsu da dokunu ba'a magana. Intanet ɗinsu ne dai tafiyar hawainiya, ga iskar teku duk ta sa takarduna sunyi laushi. Zan koma insha Allah, amma da leda.