Gargaɗi game da ƙullin "maganin sanyaya kyanwa" da ake sayarwa a Garwa

'Yan uwa masu kiwon kyanwa a Garwa da kewaye, ina roƙonku ku yi hattara da wani mutum da ke tallata farin gari a ƙullin leda ta WhatsApp, yana cewa magani ne daga Faransa mai kwantar da hankalin kyanwa mai faɗa ko mai firgita. Sefa 3,000 yake karɓa kan ƙulli ɗaya, babu suna a jiki, babu takarda, babu ma'auni.

Ni ma na saya, domin kyanwarmu ta fara yakushin yara bayan ta haihu. Na barbaɗa mata garin a kan kifi kamar yadda ya ce. Da farko ta yi ta zubar da kumfa tana gudu daga ɗaki zuwa ɗaki, sannan ta lafe a bayan randa, muka ɗauka magani ne ya kama. Kashegari fuskarta da tafukanta suka kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, numfashi na yi mata wuya. Ta mutu a gaban likitan dabbobi, ta bar 'ya'ya huɗu da idanunsu ba su buɗe ba.

Likitan ya ce alamun gubar farasitamol ne, kuma da muka zazzage sauran garin mun tarar da gutsuren ƙwayoyi waɗanda ba su daku ba. Maganin mura na mutane ake dakawa. Irin waɗannan magunguna sukan haɗa antihistamin, wato maganin ƙaiƙayi da atishawa mai sa barci, tare da farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol kamar tamu, don haka ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta.

Ko antihistamin ɗin shi kaɗai ba maganin tsoro ba ne. Kasala kawai yake saukarwa, wani lokaci ma ya birkita kyanwa ta ƙara tada hankali. Likitoci kan ba da shi don ƙaiƙayi, amma sai sun auna nauyin dabba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda wannan gari zai iya rufe wata cuta. Kyanwar da ta fara cizo ba zato tana iya kasancewa da rauni ko ciwon haƙori, ko kuma ciwon haukan kare, wanda yake kama kyanwa, yake kuma kashe mutum da zarar alamunsa sun bayyana. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Mutumin ya rufe lambarsa da na kira shi, amma na ga tallar ta sake fitowa da wata lamba. Duk wanda ya riga ya saya kada ya zubar da ƙullin inda kaji ko yara za su kai gare shi, ya kai shi ofishin kiwon dabbobi mafi kusa tare da hoton tallar.