Rediyon Mota a Ɗaki: Wace Wuta Za Ka Saya Masa?

Rediyon da aka ciro daga mota zai iya yi maka aiki a ɗaki shekara da shekaru, muddin ya samu akwati da wutar da ta dace. Kafin ka sayi katako ko lasifika, fara yanke shawara kan wuta, don a nan aka fi tafka asara.

Rediyon mota wutar batir yake ci, bolt 12. Fis ɗin da ke bayansa yawanci amp 10 ne (amp shi ne ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja), shi ke nuna maka girman na'urar ba da wutar da za ka nema. Ƙaramar adafta mai amp 2 za ta kunna shi, amma da ka ƙara murya ganga ta buga, sai ya ɗauke. Kada ka ɓata kuɗinka a kanta.

Batirin mota da caja na ba da sauti garau, ko an ɗauke wuta yana aiki. Sai dai ga nauyi, ga ruwan batir, kuma lokacin caji yana fitar da iska mai kama wuta. Ban yarda a ajiye shi inda ake kwana ba.

Akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur ya fi sauƙin samu. Ka haɗa koriyar wayarsa da baƙa, zai tashi, wayoyi masu ruwan ɗorawa kuma su ne bolt 12. Duba takardar jikinsa ka ga amp nawa layin 12 ɗin ke bayarwa. Aibinsa ƙarar fanka da tarin wayoyi.

Akwai kuma irin akwatin wutar da ake sa wa fitilun LED, mai jikin ƙarfe da huda-huda. Ƙarami ne, yana shiga akwati ɗaya da rediyon, amma wurin ɗaura wutar gida a buɗe yake, dole ka rufe shi saboda yara. Marasa inganci kuma suna cusa ƙugi a tashoshi, musamman AM. In sauraron tashoshi ne burinka, nemi wanda aka ƙera don na'urorin sadarwa, mai bolt 13.8. Kusan abin da mota ke bayarwa ke nan idan inji na aiki. Ya fi tsada, amma shi zan zaɓa.

Duk wanda ka ɗauka, lura da wayoyi biyu na rediyon. Mai ruwan ɗorawa ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka adana, ja kuwa ita ce ta makullin mota. Sa makunni a kan ja kaɗai, ka bar ɗayar da wuta kullum, in ba haka ba yawancin rediyoyi za su manta komai duk sanda ka kashe. Sayi fulogin da ya dace da bayan rediyon maimakon yanke wayoyi, kuma kada ka cire fis.

Lasifikar mota yawanci ohm 4 ce (ohm shi ne ma'aunin yadda take tare wuta), amma tana buƙatar nata akwatin kafin ta yi daɗi. Ta gida mai ohm 8 za ta yi aiki, ƙarfin ne zai ragu. Kowace lasifika da wayoyinta biyu, kada ka haɗa ko ɗaya da baƙar wayar rediyon, wato ta negatif, za ka iya ƙona rediyon.

Ramin da rediyon zai shiga a akwati kusan milimita 180 ne faɗi da 50 tsayi ga ƙaramin rediyo, 100 ga babba. Bar bayan a buɗe, domin nan ne yake zafi.